Maigida a Bakin Fili: Tsofaffin 'Yan Wasa da Yaran Sakkwato

Ranar 20 ga Agusta, 2016, a birnin Belo Horizonte na ƙasar Brazil, 'yan ƙwallon Najeriya suka doke Honduras da ci 3 da 2 suka ɗauki lambar tagulla. Duk yawan tawagar da ƙasar nan ta tura gasar Olamfik ta wannan shekara, ita ke nan lambar da aka dawo da ita gida. Sadiq Umar ya zura biyu, Aminu Umar ya zura ɗaya, Samson Siasia yana bakin fili. Cikin masu tsaron bayan tawagar akwai ɗan Sakkwato, Shehu Abdullahi, wanda aka haifa a 1993. Bayan shekara biyu shi ne dai aka gani a Rasha sanye da rigar Super Eagles a gasar cin kofin duniya.

Kafin ya kai can sai da ya bar gida. Ya yada zango a Jos wurin Plateau United, ya wuce Kano Pillars a shekarun da take cin kofin ƙasa a jere, daga nan sai Kuwait, Fotugal, Saifurus, Turkiyya da Bulgeriya. Wanda ya yi irin wannan yawo yakan dawo da ilimin da ba a samunsa a aji. Ya san yadda ake karanta takardar kwantiragi kafin a sa hannu. Ya san halin da mutum ke shiga idan ya ji rauni a ƙasar da ba ya jin harshenta. Ya san abokan tasowarsa da suka fi shi iya taɓa ƙwallo amma suka ɓace a hanya, kuma ya san abin da ya ɓatar da su.

Shehu ɗaya ne, kuma shi duniya ta sani. A bayansa akwai mutane da yawa a cikin garin nan da suka taɓa sa rigar Sokoto United, ko suka wakilci jiha a gasar wasanni ta ƙasa, ko suka yi kokawa da dambe har makaɗa suka san sunansu. Yau ƙafa ta gaji, gwiwa ta ƙi. Wasu suna kabu-kabu, wasu suna tsaron shago, wasu suna zaune. Wannan taro na tsofaffin 'yan wasa dukiya ce da Sakkwato ke bari tana zubewa, a daidai lokacin da yaranta suka fi kowane lokaci buƙatar babba mai riƙe musu hannu.

Ba sai an tsawaita bayani kan halin da yaran suke ciki ba. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022 ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen jihar Sakkwato suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma babu jihar da ta kai ta. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya wallafa a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma tiramol da sholisho ba su bar lunguna ba. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni, Isa, Rabah da Goronyo, da yawansu yara ne da suka rasa uba, suna kwana a kangaye da gidajen 'yan uwa a gefen gari. Yaron da ke cikin wannan hali, idan ya kai shekara 14 ba makaranta ba sana'a, akwai masu jiransa: dillalin ƙwaya, da ɗan siyasar da ke neman masu riƙe gora ranar kamfe.

Abin lura shi ne waɗannan biyun ma matsayin maigida suke ba yaro. Suna kiransa da sunansa, suna ba shi na abinci, suna sa ya ji shi ma wani ne a cikin taro. Wa'azin rediyo ba ya ture wannan, taron bita a otal ma haka. Abin da ke iya ture shi shi ne wani maigidan da yaro ke ganin girmansa fiye da nasu. A idon ɗan shekara 14 kuwa, mutumin da ya taɓa cin ƙwallo a filin Giginya jama'a suka tashi tsaye, ko wanda ya taɓa yin kaye aka ɗaga shi sama, yana da kwarjinin da malamin aji ba ya samu cikin sauƙi. Idan irin wannan mutum ya ce, "Kai, ban son in sake ganinka a waccan majalisa," maganar tana shiga.

Sakkwato ba ta buƙatar a koya mata wannan tsari daga waje, domin yana nan a gidan dambe tun kaka da kakanni. Yaro ba ya faɗawa fili haka kawai. Sai ya kama gindin wani babba, ya riƙe masa jaka, ya ɗebo masa ruwa, ya zauna yana kallon yadda ake naɗe hannu da zare tun daga wuyan hannu har ya zama dunƙule mai tauri. Maigidan ne ke nuna masa yadda ake kafa ƙafa, yadda ake tare naushi da hannun garkuwa, da lokacin da ake ja da baya. Shi ne ke duba abokin karawa ya ce wannan ya fi ƙarfinka, ba za ka sa zare da shi ba bana. Idan aka yi turmi uku babu kisa, shi ke gaya wa yaro inda ya yi sake. Idan kuma aka buge shi, shi ke zuba masa ruwa ya kai shi masauki. Har suna ma na maigida yaro ke ɗauka: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, ko yana ɓangaren Arewa ne, ko Kudu, ko Guramada. Abin kunyar da ya yi a gari, sunan maigidansa ya ɓata, kuma ya san haka. Ƙasar da ta fitar da Shago da Ɗandunawa, ta kuma fitar da Ɗan Anace da ya yi musu waƙa, ta daɗe da sanin cewa jarumi ba ya tsirowa shi kaɗai.

Sai dai a faɗi gaskiya, gidan dambe yana da nasa ciwon. Ba ya tambayar yaro ko ya iya karatu. Ba likita a yawancin filaye, kuma naushin da ke sauka a kai shekara da shekaru yana barin tabo a ƙwaƙwalwa. Akwai wuraren da hayaƙin wiwi ke tashi a bayan fage, babba yana gani ya kau da kai. Abin da ya kamata a ɗauka daga wannan gado shi ne kusancin maigida da yaronsa da nauyin da kowannensu ke ji a kan ɗan uwansa, a ƙara masa abin da ya rasa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna yadda hukuma ke ɗaukaka irin wannan gado. Tun 1975 suke gasar kokawa ta takobi, wadda aka fara a Tawa, kowace jiha daga cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma. Filin kokawar Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Dosso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. Yaron da ya shiga irin wannan fili ya san cewa ƙasa ba ta manta da wanda ya yi mata kokawa. Daga Sakkwato zuwa Ƙonni ta Illela ba wata tafiya ba ce, harshe ɗaya, kiɗa ɗaya, kaye ɗaya, amma darajar tsohon ɗan kokawa a ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ce.

A nan gida, abin da aka fi sabawa da shi shi ne kofi. Wani mai neman kujera ko mai riƙe da ita ya sa gasa, a buga riguna da hotonsa, a yi mako biyu ana fafatawa, ranar ƙarshe a gayyato tsohon ɗan wasa ya miƙa kofi a ɗauki hoto. Ba a ce ba shi da amfani ba, yara suna jin daɗi, unguwanni suna haɗuwa. Amma washegari kowa ya koma inda ya fito. Yaron da ke shan ƙwaya ba a mako biyu ya fara ba, ba kuma a mako biyu zai daina ba. Abin da ke canza shi shi ne ya san gobe da asuba akwai mai jiransa a fili, jibi ma haka, kuma idan bai zo ba za a bi shi har gida a tambayi mahaifiyarsa lafiya.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin wata makarantar firamare a Mabera ko Runjin Sambo bayan sallar asuba ya ga yadda abin yake. Dole a fara da wuri, domin a watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 tun kafin azahar. Duwatsu ne raga, ƙwallo ɗaya ce ko biyu, an sha ɗinke ta. Wasu yaran da takalmi, wasu da silifas, wasu ƙafa a ƙasa. Koci yana tsaye da usur a wuya, kuma kafin a taɓa ƙwallo ya riga ya karanta fuskokinsu: wannan idonsa ya yi ja, wancan bai ci komai ba tun jiya, ga wani da sabon rauni a goshi wanda ba na fili ba ne. A wannan ɗan lokaci yake yin aikin da jami'in jin daɗin jama'a zai yi wata bai gano ba. Yawancin masu wannan aiki ba mai biyansu ko kwabo. Daga aljihunsu suke sayen ruwan leda.

A wasu wuraren an mayar da wannan aikin sa kai ya zama tsari mai ɗorewa. A Senegal, Patrick Vieira da Bernard Lama da Jimmy Adjovi-Boco da Saer Seck sun kafa makarantar Diambars a 2003, a garin Saly, bisa sharaɗin cewa aji yana gaba da fili. Idrissa Gana Gueye daga can ya fito, amma waɗanda suka kafa ta sun san tun farko cewa mafi yawan ɗalibai ba za su ci abinci da ƙwallo ba, shi ya sa suka dage kan takardar shaida. Segun Odegbami, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci wa Najeriya kofin Afirka a 1980, ya gina makarantar sakandare mai haɗe da wasanni a Wasimi cikin jihar Ogun. A Zariya, wani koci Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru yana koya wa yara ƙwallon kwando. Ɗaya daga cikinsu, Masai Ujiri, shi ne ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, kuma tun 2003 yake dawowa Afirka da shirinsa na Giants of Africa. Ahmed Musa ya buɗe cibiyar wasanni a Hotoro cikin Kano a 2017, ya ƙara wata a Kaduna, ya kuma dawo ya sake sa rigar Kano Pillars, inda yaran da ke kallonsa a talabijin suka gan shi ido da ido.

Misalin da ya fi kusa da ciwon gabashin Sakkwato daga Kenya yake. Tegla Loroupe, mace ta farko daga Afirka da ta ci tseren gudun fanfalaki na New York a 1994, 'yar ƙabilar Pokot ce, daga yankin da satar shanu da ramuwar gayya suka ci rayuka da dama. A 2003 ta kafa gidauniya ta fara shirya tseren zaman lafiya, inda matasan ƙabilun da ke kai wa juna hari suke gudu a layi ɗaya, har wasu suka miƙa bindigoginsu. Gudu bai kawo ƙarshen rikicin ba, kuma ba mai hankalin da zai ce ƙwallo za ta kori 'yan bindiga daga dajin Isa. Amma yaron da aka kashe mahaifinsa a gabansa, yana zaune a Sakkwato da wannan abu a ƙirjinsa, yana buƙatar wurin da zai sauke shi da kuma babban da zai lura da shi kafin wani ya lura da shi.

Akwai haɗari a cikin wannan harka, kuma tsohon ɗan wasa shi ya fi cancanta ya faɗe shi. Haɗarin shi ne sayar wa yaro mafarki. Cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a garin nan, 'yan ƙalilan ne za su kai ko da babbar gasar ƙasa, balle Turai. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa, amma dillalan bogi suna karɓar kuɗin gona da na shanu daga iyaye da sunan gwaji a waje, yaro ya ƙare a tashar mota a wata ƙasa ba fasfo ba kuɗin komowa. Ga kuma rage shekaru. A 2016 gwajin ƙashi ya fitar da 'yan wasa 26 daga tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, kuma Nijar ce ta fitar da waɗanda suka rage daga wasannin share fagen gasar Afirka. Maigida na gari shi ne wanda zai kai yaro ofishin hukumar ƙidaya a yi masa takardar haihuwa ta gaskiya, ya kuma iya duban idonsa ya ce, "Ɗana, ƙwallonka ba za ta kai ka Turai ba, zo in haɗa ka da mai walda." Wanda bai taɓa buga wasa ba, in ya faɗi haka, yaro zai ce baƙin ciki ne. Wanda ya buga, dole a saurare shi.

Ba kowane gwani ne malami ba. Wani ya iya wasa amma ba shi da haƙuri, wani da duka aka koya masa, da duka zai koyar. Wani ma bai kamata a bar shi da yara ba sam, kuma wannan magana ce da ake jin nauyin faɗa alhali tana faruwa a ko'ina cikin duniya. Don haka sai an tantance, an horar. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana ba da horon koci, amma ba sai an je Legas ba: malaman motsa jiki da na tarbiyya da ke manyan makarantun garin nan za su iya shirya kwas na 'yan makonni kan taimakon gaggawa, da haƙƙin yara, da alamomin shaye-shaye. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware, kusa da gari. Kocin da ya san lokacin da matsalar yaro ta wuce ta usur, ya san kuma ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya ceci rai.

Sannan a biya su. Wannan ita ce gaɓar da ake yawan tsallakewa. Ana son tsohon ɗan wasa ya yi aikin Allah, alhali shi ma yana da iyali da kuɗin haya. Rashidi Yekini, wanda aka haifa a Kaduna, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a 1994, ya rasu a 2012 cikin kaɗaici da halin da ya girgiza duk mai imani. Idan haka ta faru da Yekini, ina ga wanda bai taɓa wuce gasar jiha ba? Ba shi aikin kula da yara talatin da ɗan albashi a ƙarshen wata taimako ne ta fuska biyu, domin shi ma yana samun dalilin tashi da safe da mutuncin da ya rasa tun ranar da aka daina tafa masa.

Iyaye da malamai suna da nasu ƙorafi, kuma ba a banza ba. Sun ga yaran da ƙwallo ta raba da Islamiyya, sun ga gidajen kallo da cacar wasanni ta waya suna cinye kuɗin samari. A gari irin Sakkwato, duk shirin da bai samu amincewar liman da mai unguwa ba, ya mutu tun ba a fara ba. Hanyar ita ce a sa su ciki tun daga tushe: atisaye bayan asuba ko bayan la'asar, a tashi kafin magariba, kuma wanda bai je makaranta ba, ta boko ko ta allo, ba zai taɓa ƙwallo ba ranar. Almajirai suna hutun Alhamis da Juma'a, kwanakin da suka fi yawo a titi. Alaramman da aka je aka gaishe shi aka nemi izninsa, aka kuma ce za a ba yaransa abinci bayan wasa, da wuya ya ƙi.

Kada kuma a tsaya kan masu ƙafa biyu. A mahaɗar titunan garin nan akwai samarin da shan inna ta naƙasa suna bara a kan allon taya. A kan irin wannan allo ne Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma cutar ta taɓa, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, ana buga ta da hannu, kuma yau jihohi suna karawa a gasarta. Tsofaffin 'yan wannan wasa su ne suka fi kowa sanin yadda ake janye ɗan uwansu daga bakin titi. 'Yan mata ma suna da haƙƙi. Filin makarantar mata mai katanga, da tsohuwar 'yar wasan ƙwallon hannu ko ta raga a matsayin koci, da suturar da iyaye suka yarda da ita, sun isa a fara.

Kuɗin da ake magana bai kai na gina sabon filin wasa ba. Filayen makarantun gwamnati suna nan, da yawansu ba kowa a cikinsu daga ƙarfe biyu na rana. Ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha za ta iya fara rubuta sunayen duk wanda ya taɓa wakiltar Sakkwato a ƙwallo, kokawa, dambe, guje-guje da langa, ta tantance su, ta raba su mazaɓu a ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa, Sakkwato ta Kudu da Wamakko, kowane koci da makarantar da aka ɗora masa. Kamfanin siminti na Kalambaina da 'yan kasuwar gari za su iya ɗaukar nauyin ƙwallaye da abinci, hukumar zakka da waƙafi ta jiha ta ɗauki na marayu. Waɗanda suka yi suna a waje, irin su Shehu, babban abin da za su kawo shi ne ido da murya: su riƙa leƙowa, su buɗe ƙofa ga yaron da ya cancanta, su kuma sa gwamnati ta ji kunyar barin shirin ya mutu idan an canza kwamishina. A ƙarshen kowace shekara kuma, takardar da za a nema daga koci ta ƙunshi yara nawa ne suka koma aji, nawa aka sa koyon sana'a, nawa aka kai asibiti suka daina shan ƙwaya, da nawa ne suka daina zuwa fili, tare da bayanin inda kowannensu yake.